Tabkin Da Aka Zuba Wa Kifi, Wa Zai Tsare Shi?

Duk magidancin da ya saba yin cefane a kasuwar Gene ya san abin da zan faɗa tun kafin in buɗe baki. Tsakaninmu da kogin Kwara, wanda Dandawa ke kira Isa, bai wuce tafiyar rabin awa a mota ba. Gulbin Sota na gabas da mu, Alibori na yamma. Amma duk da wannan ni'ima ta ruwa da ta kewaye mu, kifin kwali ya samu wurin zama daram a kan teburan 'yan kasuwa: kifin teku ne da aka daskarar, aka ɗoro shi daga Kwatano, ya yi tafiyar wajen kilomita 700 kafin ya faɗa tukunyar uwargida. Idan kuwa ka juya wajen masu banda, ka sa hannu cikin kwando, abin da za ka fi cin karo da shi shi ne 'yan ƙananan karfasa da ƙurungu waɗanda a zamanin kakanninmu masunci zai ji kunyar kawo su kasuwa.

Saboda haka ne maganar zuba kifi a tabkuna da ramuka ta yi ƙarfi a ƙasar Malanbil da Karimama. Matasa na haƙa, ƙungiyoyin mata na tambayar inda ake samun 'ya'yan tarwaɗa, wasu garuruwa kuma suna neman a zuba musu kifi a madatsun da dabbobi ke shan ruwa. Abin farin ciki ne. Sai dai wanda ya yi shekaru yana kallon wannan harka ya ga tabkuna da yawa da aka zuba wa kifi da kiɗa da guɗa, aka dawo bayan shekara biyu ba a tarar da komai ba sai kwaɗi. Zuba kifi aikin safiya ɗaya ne. Abin da ke biyo baya, wato wa zai kama, yaushe, da wane irin taru, kuma wa zai ƙidaya, shi ne ainihin aikin, kuma shi ne muka fi sakaci da shi.

Kogi da kalandarsa

Kafin a yi maganar tabki sai an fara da kogi, domin shi ne uwa. Kwara a gaban Malanbil cika biyu take yi a shekara. Ta farko ita ce ta daminarmu, jan ruwa mai laka da ke kai ƙarshen hawansa wajen watan Satumba. Ta biyu ruwan duwatsun Gini ne, wanda ya ratsa fadamun Mali ya zubar da lakarsa a can, ba ya iso mu sai cikin sanyi, wajen Janairu zuwa Fabrairu. Yawancin kifayenmu da cikar farko suke aure. Da ruwa ya hau fadama sai tarwaɗa da bargi da karfasa su bi shi cikin ciyawa su zuba ƙwai, 'ya'yan su girma a wurin da abinci ya yawaita kuma manyan kifaye ba su cika isa ba. Idan ruwa ya fara janyewa, wasu su koma kogi, wasu su maƙale a kududdufai. Ma'ana, kifin da za a ci baɗi a cikin ciyawar fadama yake kwance a watan Agusta da Satumba na bana.

Wannan tsari ya sha duka ta fuskoki da dama. Farin shekarun 1970 da 1980 ya rage fadamun da ruwa ke hawa, har a shekarar 1985 kogin ya tsaya cak a Yamai. Masunta sun ƙaru. Zaren roba ya maye gurbin zaren auduga, idon taru kuma ya yi ta ƙanƙancewa har aka kai ga yin su da gidan sauron da likita ya raba don kare yara daga zazzaɓi. Ga kuma masu zuba maganin ƙwarin auduga a ruwa don kifi ya taso, abin da ke kashe babba da yaro, ya kuma bi kifin har cikin cikin mai ci. Dokar ƙasa mai lamba 2014-19 ta ranar 7 ga Agusta 2014, wadda ta tsara sha'anin su da kiwon kifi a Benin, ta haramta su da guba da abubuwan fashewa. Amma doka a takarda take, ruwa kuwa da dare ake shigarsa.

Abin da Kabawa suka riƙe

Ba baƙon abu ba ne a wajenmu a ce ruwa yana da mai shi. A ƙasar Hausa da Dandi kowane yanki na gulbi yana da Sarkin Ruwa, kuma ba rawani kawai aka naɗa masa ba. Shi ke faɗin ranar da za a buɗe tabki a yi su na gayya, shi ke hana shiga gurbin da kifi ke fakewa da rani, baƙon masunci kuma sai ya fara sauka a ƙofarsa kafin ya jiƙa tarunsa. Sarkawa sun san cewa tabkin da aka bar shi ya huta watanni yana biyan bashin hutun da riba.

Wurin da wannan al'ada ta fi fitowa fili shi ne Argungu, can ƙasar Kabi a Najeriya, wadda da yawa daga masuntanmu ke da dangi a cikinta. Bikin da duniya ta sani ya samo asali ne a shekarar 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara ga Sarkin Kabin Argungu Muhammadu Sama, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Aka shirya masa su na girmamawa, abin ya zama na shekara-shekara, har a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada. Wanda ya taɓa tsayawa a gaɓar Matan Fada ranar su ba zai manta ba: dubban maza, kowa da gorarsa da homarsa, suna jiran a ba da alama, sannan su kwarara cikin ruwa kamar an fasa rumbu. Cikin kamar awa guda an gama. A 2005 giwan ruwan da ya ci gasa ya kai kilo 75, a 2020 kuma, bayan bikin ya yi wajen shekara goma ba a yi shi ba, aka fito da mai kilo 78.

Masu kallo sukan yaba ƙarfin damtsen wanda ya rungumo kifin. Ni kuwa a ganina gwanin gaskiya shi ne wanda ya hana a taɓa wannan yanki na gulbi sauran kwanakin shekara. Giwan ruwa ba ya kai nauyin ƙaton namiji a damina ɗaya ko biyu. Shekaru yake bukata, kuma ba zai same su ba a ruwan da kalli ke kwana a ciki kullum. Dubi kuma kayan aikin da aka yarda da su: homa da gora, ba taru mai share ƙasa ba. Lokaci a ƙayyade, wuri a ƙayyade, sikeli a gaban jama'a. Har ma a 2008, da bincike ya nuna cewa kifin da ya zo na ɗaya ba a Matan Fada aka kama shi ba, shigo da shi aka yi daga wani wuri, sai aka karɓe kyautar. Ruwan da ake tsaro haka, shi ke da abin nunawa.

Katin fatsa a Faransa

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne hirar da muka yi da wani ɗan'uwa da ke aiki a Faransa, da ya zo ganin gida. Muna zaune bayan la'asar ya zaro wani kati daga aljihu ya ce mu canka na mene ne. Wani ya ce na asibiti, wani ya ce na banki. Ya ce na fatsa ne. Aka yi ta dariya, wani dattijo ya ce to lalle Turawa sun kai, har ƙugiya sai da takarda. Amma da ya ci gaba da bayani dariyar ta ragu, domin abin da yake faɗa ya yi kama da aikin Sarkin Ruwa, sai dai an sa masa littafi da lissafi.

Akwai wani kifi a ƙasashen sanyi da Faransawa ke kira truite, mu ce turwit. Kifin rafukan duwatsu ne masu sanyi da gudu, ruwa ya haura digiri 20 ya fara wahala, ya kai wajen 25 ya mutu. Masu fatsa a Turai da Amurka suna son sa ƙwarai, ba don yunwa ba, don nishaɗi, kuma yawansu ya fi ƙarfin abin da rafuka ke haifarwa. Sai aka kafa gidajen ƙyanƙyasa, inda ake tatsar ƙwai, a raini 'ya'yan har su kai girman kamawa, sannan a ɗauke su a motoci masu tankunan ruwa a zuba a rafuka da tabkuna. Wani wurin ana zuba manya ne don a kame su cikin 'yan makonni, wani wurin ana zuba ƙanana a bar su su girma.

A Faransa wanda ya sayi katin nan ya zama ɗan ƙungiyar masu fatsa ta yankinsa, kuma irin waɗannan ƙungiyoyi sun haura 3,000 a ƙasar. Daga kuɗin katin ake sayen kifin da za a zuba, a gyara gaɓa, a ɗauki nauyin masu gadi da ke da ikon tsayar da mutum su duba jakarsa. A rafukan da ake kira na aji ɗaya, wato na turwit, ba a buɗe fatsa sai Asabar ta biyu ta watan Maris, a rufe ranar Lahadi ta uku ta Satumba, saboda cikin sanyi kifin ke zuba ƙwai. Akwai awon tsawo: a yawancin wurare turwit ɗin da bai kai santimita 23 ba dole a mayar da shi ruwa da ransa, parefe kuma yana iya ƙara awon ko rage shi gwargwadon yadda kifi ke girma a yankinsa. Akwai kuma iyakar adadin da mutum ɗaya zai tafi da shi gida a yini.

A tabkunan kuɗi na Ingila, inda mutum ke sayen tikitin yini, kafin ya fita sai ya rubuta a littafi kifi nawa ya kama da nauyinsu, ko da bai kama komai ba sai ya rubuta haka. Da wannan littafi mai tabki ke sanin nawa ya zuba, nawa aka cire, nawa suka rage, sai ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan maimakon ya juye mota guda a rana ɗaya. Sun gano da daɗewa cewa kowane ruwa yana da iyakar abin da zai iya ciyarwa. Ka wuce iyakar, kifi ya rame, cuta ta shiga, tsuntsaye su yi biki. Sun kuma gano, bayan sun yi ɓarna da yawa, cewa kifin gidan ƙyanƙyasa idan ya auri na daji yana raunana zuriyarsa. Shi ya sa tun daga 2015, a kogunan Ingila, turwit ɗin gona irin na ƙasar ba a yarda a zuba shi ba sai wanda ba ya haihuwa, ko wanda aka samo iyayensa daga kogin kansa. Ana samun marar haihuwar ne ta hanyar matsa ƙwai da ƙarfi ko ɗumama su jim kaɗan bayan an haɗa su da ruwan namiji.

Wannan darasi na ƙarshe ya shafe mu, ko da yake turwit ba zai kwana ɗaya a ruwan Sota ba. A Afirka sai a tsaunukan Maroko da Kenya da Lesoto da makamantansu yake rayuwa. Giwan ruwan nan da muke alfahari da shi, da aka ɗauke shi aka zuba a tabkin Biktoriya a shekarun 1950, ya cinye ire-iren ƙananan kifaye masu yawan gaske da babu irinsu a ko'ina a duniya. Duk wanda ya kawo muku baƙon kifi ya ce yana saurin girma, ku tuna cewa ramukanmu a fadama suke, kuma abin da ke cikin rami da rani yana cikin kogi da damina.

Ramuka da tabkunanmu

Mu dawo gida. Kiwon kifi iri biyu ne ke yaɗuwa a yankinmu, kuma kowanne da irin tsaron da yake bukata.

Na farko shi ne ramin fadama. Asalinsa daga kudu ne, daga kwarin Weme, inda suke kiransa whedo: dogayen ramuka da ake haƙawa a fadama, ruwan ambaliya ya cika su da kifi, idan ya janye kifin ya maƙale, a bar shi ya girma har rani. Masana da suka auna amfaninsu a can sun samu sama da tan guda a kowace hekta ta ruwa a shekara. Manoman Malanbil sun ɗauki wannan dabara suka daidaita ta da ƙasarsu, ramukansu sun fi gajarta, kuma da yawa ba sa tsayawa ga abin da ambaliya ta kawo, sukan tsinto 'ya'yan tarwaɗa daga kududdufan da ke shirin ƙafewa su ƙara. Har masu bincike daga jami'ar Würzburg ta Jamus sun zo sun yi nazarin waɗannan ramuka wajen ƙarshen shekarun 2000, suka tarar tarwaɗa ce ta fi rinjaye a cikinsu.

Ba abin mamaki ba ne. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take rayuwa a ruwan da zai kashe karfasa. Amma tana da hali guda da ya karya masu rami da yawa: tana cin 'yar'uwarta. Mutum ya zuba ɗari biyar masu bambancin girma, ranar kwashewa ya tarar da ɗari da 'yan kai, sai ya fara zargin maƙwabci, alhali ɓarayin suna cikin ramin, sun yi ƙiba. Maganin shi ne a tace su tun farko, a zuba masu girma ɗaya, wanda ya yi wa sauran zarra a cire shi. Abinci kuwa muna da shi a ƙofar gida: dusar shinkafa daga gonakin Malanbil, gara, da ragowar ƙananan kifi daga wajen masu banda. A ba su a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, gwargwadon abin da za su cinye nan take, domin abincin da ya nutse ya ruɓe shi ke ɓata ruwa. Tarwaɗar da ta samu kulawa tana iya haura rabin kilo cikin wata biyar zuwa shida.

Karfasa matsalarta akasin haka ce. Tana fara haihuwa tun tana 'yar wata kaɗan, uwar tana rainon ƙwai a bakinta, kafin a ankara tabki ya cika da dubban 'ya'ya da babu mai kai tafin hannu. Masu kiwo na zamani maza zalla suke zubawa. Mai ƙaramin ƙarfi kuma yana iya sa 'yan tarwaɗa kaɗan su riƙa rage 'ya'yan. Akwai wata alama da ya kamata kowane yaro da aka sa gadi ya sani: idan da asuba ka ga karfasa sun taso saman ruwa suna buɗe baki, iskar ruwan ta ƙare cikin dare. Ranar a dakatar da abinci da taki, a ƙara sabon ruwa in da hali. Haka nan ranar da aka kawo 'ya'yan kifi, da sanyin safiya ake kawo su, a ajiye mazubin a cikin tabkin har zafin ruwan biyu ya daidaita kafin a sake su. Kifi da yawa a wannan sa'a guda suke mutuwa, a ɗora wa mai sayarwa laifi.

Iri na biyu shi ne tabkin gari ko madatsar dabbobi, kuma nan ne rigima take. Rami yana da mai shi, tabki kuwa na kowa ne. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu nisa a wannan fage: ma'aikatan gandun daji sun daɗe suna zuba karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa a tabkuna irin su Tabalak da Ɗan Dutsi a jihar Tawa, har kifi ya zama sana'a a wuraren da a da noma da kiwo kawai aka sani. Inda abin ya ɗore, za ka tarar an rufe tabkin watanni bayan zubawa, an ƙayyade idon taru, an kuma ware wani abu daga kowane kamu don sake sayen iri. A tabkin Kainji na Najeriya ma, wani shiri na haɗin gwiwa da Jamus a shekarun 1990 ya kawo lasisin su da hana tarun dala mai kwashe 'ya'yan kifi, kuma bai samu shiga ba sai da aka jawo sarakunan ruwa da hakimai cikin aikin.

A Gene akwai ƙarin abin lura. Garin kasuwar dabbobi ne, kuma tabkin da manomi ke gani a matsayin gonar kifi, a wajen Bafulatani mashaya ce da ya gada. Kwamitin da aka kafa ba tare da makiyaya ba ya gina rigima tun daga tushe. Shanu ba abokan gabar kifi ba ne, kashinsu ma taki ne da ke haifar da ƙananan halittun da karfasa ke ci. Abin da ake bukata shi ne a ware musu gefen shiga, a kuma yarda da wani gwargwado na ruwa da mai lambu ba zai ja da injinsa ya wuce shi ba idan bazara ta yi tsanani. Mata masu wanki da masu banda su ma suna da kujera a wannan zama, domin su ne ke gaɓa kullum, su ne kuma za su fara ganin wanda ya wanke gongonin maganin feshi a ruwa.

Littafi, sikeli da ciniki

Idan aka tambaye ni abu guda da za mu ara daga masu turwit, zan ce littafin nan. Kwamitocinmu sun iya taro da naɗa shugaba da ma'aji, amma ka tambaya kifi nawa aka zuba, ranar wace, kilo nawa aka fitar bara, sai a fara duban juna. Alhali littafin makaranta guda ya isa, da ɗalibi ɗaya mai kyakkyawan rubutu, da boko ko da ajami. Idan an rubuta, ranar rabo babu mai cewa an cuce shi, wanda ya saci kamu kuma lissafi ne zai tona shi ba tsegumi ba. Tare da littafin a samu sikeli, da ɗan katako da aka yanka daidai tsawon da aka yarda, a rataye shi a gaɓa: kifin da bai kai katako ba ya koma ruwa. Tarar da za a ci mai laifi a faɗe ta a gaban mai gari da liman da Sarkin Ruwa tun ranar zubawa, kuma ta hau ɗan mai gari kamar yadda za ta hau baƙo.

Sai maganar ciniki, wadda ta shafi addini kai tsaye. Ya zama ruwan dare, idan mai rami ya shiga matsi, ɗan kasuwa ya zo ya saye ramin ɗungurungum tun kifi na cikin ruwa, ya biya, ya dawo ranar kwashewa. Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa sayar da kifin da ke cikin koguna da tabkuna yana cikin cinikin da aka hana, saboda garari: mai saye bai san abin da ya saya ba, mai sayarwa bai san abin da ya rabu da shi ba. Malamai sun yi bayani a kan ƙaramin wurin da ake ganin kifin kuma kama shi ba wuya, wannan kowa ya koma ga malaminsa. Amma ramin fadama mai laka, wanda ko mai shi bai san ko tarwaɗa sun cinye juna ba, ba ya cikin wannan. Hanyar da ta kuɓuta ita ce a kwashe, a auna, a yi ciniki a kan kilo. A nan ma littafin yana da rana, domin mai ramin da ya san abin da ya zuba da abin da ya ciyar ba ya sayar da wahalar wata shida a kan kuɗin buhun masara.

Kuma kada a kwashe ramuka duka a mako ɗaya. Idan kowa ya fitar da kifinsa lokaci guda kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, masu banda su rasa itacen da zai ishe su. Masu ramukan fadama ɗaya suna iya jera ranakunsu, wannan ya kwashe wannan mako, wancan mako mai zuwa, wasu kuma su riƙe nasu har lokacin da kogi ya yi ƙasa, kifi ya yi tsada.

Mai son farawa ya fara da zuwa ofishin hukumar bunƙasa noma ta kwarin Kwara, ATDA, da ke Malanbil, ya nemi jami'in da ke kula da kifi, ya tambayi inda ake samun iri mai kyau na kifayen ƙasarmu da abin da doka ta tanada game da izini. Garin da ke da tabki kuma ya kira zamansa tun da bazara, kafin kowa ya duƙufa gona, a fitar da ranar rufewa da ranar buɗewa, a sanar a masallatai ranar Juma'a da kuma rugage. Haƙa da ɗaga gaɓar rami da kafa shinge aikin rani ne. Ruwa kan fara hawa fadama cikin Agusta, wanda bai gama ba kafin nan sai ya jira baɗi.